Zan kai iyali Ghana a hutun Disamba: mu tsaya Accra ko mu ƙarasa gidajen bayi na bakin teku?

Abban_Ikram:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. In Allah ya yarda ina so in kai uwargida da yara uku Ghana a hutun ƙarshen shekara, kwana takwas muka ware. Babbar tana da shekara 14, na tsakiya 11, auta 6. Wani abokin aikina ya ce in dai na je Ghana ban ga tsofaffin gine-ginen Turawa na Elmina da Cape Coast ba to ban je ba. Ni kuma na duba hotuna, na ga dai farin gini ne da bindigogin igwa a bakin ruwa. Shin ya cancanci a kwashi yara a yi wannan tafiyar, ko mu yi zamanmu a Accra mu ga teku mu ci abinci mu dawo? Sannan ƙasar ita kanta yaya take, daji ne ko fili? Waɗanda suka taɓa zuwa su taimaka.

Dan_Nima:
Wa alaikumus salam. Maraba lale Alhaji, gida za ka zo. Ni a unguwar Nima ta Accra aka haife ni, kakana daga Kano ya zo fataucin goro bai koma ba. Abu na farko, in ka ji tsofaffinmu suna cewa "Ankara" kada ka ɗauka ta Turkiyya ce, Accra suke nufi, haka Hausawa ke kiranta tun da. Na biyu, ka je Cape Coast. Kilomita 150 ne ko kusa da haka daga Accra, Elmina kuma tana gaba kaɗan, bai fi kilomita 13 ba. Amma kada ka yi kuskuren zuwa ka dawo rana ɗaya da yara, cunkoson Kasoa kaɗai zai cinye maka safiya. Ku kwana biyu a can.

Bagobiri77:
Kasoa? Wannan ai kamar kasuwa.

Dan_Nima:
Ita ce fa, Bagobiri. Kasuwa ce tamu aka murɗe bakinta. Haka waakye da suke alfahari da shi, shinkafa da wake ne. Tuo zaafi tuwo ne mai zafi. Koko da ƙosai kuwa da safe ko ina za ka gani, sunan ma bai canza sosai ba. Alhaji ba zai ji yunwa ba.

Maman_Sultan:
Ni dai shawarata daban. Na je Cape Coast shekarar da ta wuce tare da maigidana, kuma wallahi da na san abin da zan gani da ban shiga da ƙaramin ɗana ba. Abban Ikram, wurin nan ba wurin shaƙatawa ba ne. Daga waje fari tas, iska na kaɗawa, ga kwale-kwalen masunta masu launi, sai ka ce gidan hutu. Da mai yi mana bayani ya gangara da mu kurkukun maza sai ya kashe fitila na ɗan lokaci don mu ji yadda duhun yake. 'Yar taga ce can sama, hasken da ke shigowa bai kai na tafin hannu ba. Wari har yanzu yana nan, wani irin warin danshi da gishiri da ba zan iya kwatantawa ba. Ya nuna mana alama a bango, ya ce nan ne iyakar inda ƙazantar mutane ta taru ta daskare kafin masu bincike su haƙe ta, wato abin da muke takawa a wani ɗakin ba dutse ba ne. Ɗana ya ƙanƙame ni yana kuka, sai fita na yi da shi. Manyan biyu ka kai su. Autan a bar shi a farfajiya da mamansa, ko ku yi karɓa-karɓa.

Abban_Ikram:
Subhanallah. Na gode Maman Sultan, wannan ban yi tunaninsa ba sam.

Malam_Tarihi:
Bari in ɗan sa baki don a san abin da ake magana a kai, saboda mutane na haɗa su wuri guda. Manyan gine-ginen uku ne: Elmina, Cape Coast, da na Osu a cikin Accra. Sauran ƙananan sansanoni ne da suka jeru a gaɓar teku tun daga Keta a gabas har Beyin a yamma, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Elmina shi ne babban yaya. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, shekara goma kafin Kolumbus ya isa nahiyar Amurka, kuma ba don bayi suka fara gina shi ba, zinariya suka biyo. Sunan ma daga kalmarsu ta mahaƙa ya fito. Sai da gonakin rake suka bunƙasa a ƙetaren teku sannan ɗakunan ajiyar kaya suka koma ɗakunan ajiyar mutane. A 1637 Turawan Holan suka ƙwace shi, kuma dabarar da suka yi ita ce suka hau tudun da ke fuskantarsa suka kafa igwa suna ruwan wuta daga sama. Shi ya sa da suka ci, suka gina wani sansani a kan tudun don kada wani ya yi musu irin abin da suka yi. Yana nan har yau, in ka hau za ka ga garin duka. Ingilishi suka karɓa a 1872.

Cape Coast kuma 'yan Suwidin ne suka fara kafa shi a 1653, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wa Ingilishi wajen 1664. Nan ne hedikwatar mulkinsu har 1877 da suka mayar da babban birni Accra.

Sarkin_Yawo:
Malam an gaishe ka. Amma ni tambayata, da Hausa me za mu kira irin ginin nan? Na ga wasu na rubuta "fada", wasu "ganuwa". Fada ai ta sarki ce.

Bagobiri77:
Kurkuku ne kawai. Me za a yi ta kwana-kwana.

Malam_Tarihi:
Duka ukun yana da su, shi ne abin da ke ɗaure kai. Sama gidan gwamna ne mai tagogi ta kowane gefe, tsakiya barikin soja da wurin ciniki, ƙasa kurkuku. A Cape Coast har cocinsu a saman kurkukun maza take. Ni "gidan bayi" nake cewa, kowa na ganewa.

Yar_Damagaram:
Abin da ya fi tsaya mini a rai a Elmina ba kurkukun ba ne, farfajiyar mata ce. Akwai baranda a sama inda gwamna ke tsayawa, a fito da mata a jera, ya nuna wadda yake so, a yi mata wanka a hau da ita ta wani tsani na katako da ke ɓullewa ɗakinsa. Wadda ta ƙi, a ɗaure mata ƙafa da dalmar igwa a bar ta a rana. Dalmar tana nan a ƙasa, na gwada ɗagawa na kasa. Sannan ƙofar nan da ake cewa ƙofar da ba a dawowa, ni na zaci babbar ƙofa ce. Ashe 'yar siririya ce, mutum ɗaya ke wucewa, shi ma sai ya karkata. Na leƙa ta ciki na hango masunta suna gyaran koma, yara na wasa a yashi. Na daɗe a tsaye. Wata baƙar fata 'yar Amurka da ke rukuninmu ta durƙusa tana kuka, ba wanda ya iya ce mata komai. Ni dai na karanta Ƙulhuwallahu na yi wa waɗanda suka wuce ta nan addu'a, don Allah kaɗai ya san musulmi nawa ne a cikinsu.

Kwamared_Sani:
Ku yi haƙuri, ni ban ga dalilin da mutum zai tara kuɗinsa a wannan tsadar rayuwa ya je ya sayo baƙin ciki ba. Hutu aka ce. Kuma mu me ya haɗa mu da wannan? Tarihin mutanen bakin teku ne da Turawansu. Ga ganuwar Kano tana zubewa, ga Gobarau, ga Kufena, yaranmu ba su san su ba, sai mu tsallake iyaka uku mu je kallon ginin Bature.

Malam_Tarihi:
Kwamared, maganarka ta ganuwa gaskiya ce, amma "me ya haɗa mu" ɗin nan ban yarda ba. Ka taɓa jin fataken Gwanja? Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato da jakuna, a ƙetare kogin Kwara ta wajen Yawuri, a bi ta Borgu, a ratsa Yendi a sauka Salaga, tafiyar watanni. Suna kai kanwa da tufafi da fatu, su ɗauko goron ƙasar Tonawa, wato Asante. To Salaga ba kasuwar goro kaɗai ba ce, babbar kasuwar bayi ce, kuma daga cikin abin da ake musayar goro da shi akwai mutane. Kakanninmu suna cikin masu saye da sayarwa, wasu kuma suna cikin waɗanda aka sayar. Ba daɗin faɗa, amma haka ne.

Sai dai in yi adalci: yawancin Hausawan da aka ƙetarar da su teku ba ta Elmina suka fita ba, ta Ikko (Legas) da Badagiri da Wida da Porto Novo aka fi fitar da su, musamman bayan yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19. Da yawa Bahiya ta Burazil aka kai su. A can Hausawa suka shirya tawaye a 1807, sannan a 1835 musulmi bayi suka yi babban bore a birnin Salvador cikin watan azumi, galibinsu Yarbawa da wasu Hausawa, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Bayan nan wasu suka dawo Afirka, wani rukuni ya sauka Accra a 1836, su ne ake kira Tabom. Gidansu na nan a tsohuwar unguwar bakin teku ta wajen Jamestown.

Kwamared_Sani:
To Malam, na karɓi gyara a kan tarihi. Amma har yanzu ina nan a kan bakana, hutu daban makaranta daban.

Hajiya_Kumasi:
Kai Kwamared, Ghana ai ba kuka kaɗai ba ce. Abban Ikram ya tambayi yanayin ƙasa ba wanda ya ba shi amsa. Ɗana, ƙasar hawa uku ce. Bakin teku wajen Accra fili ne mai ciyawa, ba ruwan sama sosai kamar yadda mutane ke zato. Da ka yi yamma ko ka hau arewa kaɗan sai kurmi, gonakin koko da kwakwar manja da ayaba, kore shar har Kumasi. Daga Kintampo ka wuce sama kuwa sai ka rantse kana Katsina: kuka, kaɗanya, ɗorawa, jar ƙasa, babura ko ina a Tamale. Gabas kuma ga tafkin Volta, wanda madatsar Akosombo ta haifar da aka gama a 1965, ruwa iya ganinka. Duwatsunsu ba su da tsawo, mafi shahara Afadjato bai kai mita 900 ba, wanda ya san Mambila dariya zai yi. Amma wajen akwai sanyi da magangarar ruwa ta Wli, kyakkyawa ce ƙwarai.

In kun je Cape Coast, washegari ku kai yara dajin Kakum, bai wuce tafiyar awa ɗaya ba. Gadoji bakwai ne na igiya da katako aka rataya a tsakanin manyan itatuwa, sama da mita 30 daga ƙasa. Shi zai wanke musu zuciya bayan kurkuku. Ni da girmana na hau, ina salati tun daga ta farko har ta ƙarshe, jikokina na yi mini dariya. Ku je da sassafe kafin 'yan makaranta su cika wurin, don in mutane sun yi yawa gadar rawa take yi.

Sarkin_Yawo:
Hajiya ta faɗi gaskiya a kan Kakum, amma kada a sa rai da ganin dabbobi. Na je sau biyu, ban ga ko biri ba, sai tsuntsaye da malam-buɗe-littafi. Mai son giwa sai dajin Mole a arewa, a can da ƙafa ake zagayawa da ma'aikacin daji, ka ga giwa a bakin tafki kamar saniyar gidanku. Kusa da ƙofar dajin ga tsohon masallacin Larabanga na ƙasa, fari da sanduna a jikinsa irin ginin Mali, mutanen garin na cewa tun 1421 yake. Sai dai kwana takwas ba zai ishe ku kudu da arewa ba, daga Accra zuwa Tamale a mota yini ne cur har da dare.

Abban_Ikram:
Arewa kam sai wani jiƙon. Yanzu dai ina ganin Accra kwana huɗu, Cape Coast biyu, sauran na hanya. A Accra ɗin me za mu gani? Kuma wancan na Osu da Malam ya ambata ana shiga?

Dan_Nima:
Na Osu ka tambaya tukuna kafin ka je, don shi ba kamar sauran ba ne. Fadar gwamnati ce har 2013 da aka koma sabuwar fadar shugaban ƙasa, don haka shekara da shekaru ko hoto ba a bari a ɗauka a wajen. Yanzu ana shiga amma ba kullum ba. Akwai labarinsa mai daɗi da muke ji tun muna yara: 'yan Denmak ne suka gina shi, sai a 1693 wani ɗan kasuwa na Akwamu mai suna Asameni ya shigo da mutanensa kamar masu sayen bindiga, suna gwadawa suna gwadawa sai suka juya bakin bindigogin, suka ƙwace ginin. Ya zauna a matsayin gwamna kusan shekara, yana ciniki da jiragen Turawa, sannan aka sayar wa 'yan Denmak da abinsu. Amma makullan bai mayar ba, suna hannun masarautar Akwamu har gobe.

Sauran wurare: makwancin Kwame Nkrumah, shugaban Ghana na farko, an gyara shi an sake buɗewa a 2023, yara za su so shi saboda maɓuɓɓugan ruwa. Dandalin Black Star na kusa. Jamestown akwai hasumiyar jiragen ruwa da James Fort inda aka tsare Nkrumah a 1950, daga nan ya ci zaɓe yana ɗaure aka sake shi a 1951. Ranar Juma'a ka zo babban masallacin ƙasa a Kanda, ginin Turkawa mai hasumiya huɗu, an buɗe shi a 2021, daga nan Nima taku kaɗan ne. Ka shigo ka ci tuwo, ka ji Hausarmu ka yi dariya, mu ba ruwanmu da "ta" da "ya", mace ma "ya zo" ne. In ka samu hali ka leƙa Sabon Zongo, unguwar da Malam Baƙo ya kafa. Uwargida kuma a kai ta kasuwar Makola ta sayi atamfa, amma ta riƙe jakarta da kyau.

Ummu_Haidar:
Dan Nima ka manta ba ka gaya masa tsadar Disamba ba. Tun da suka yi shekarar komowa gida a 2019, cika shekara 400 da kai bayi na farko Virginia ta Amurka, watan Disamba Accra cika take da baƙi daga Amurka da Ingila da 'yan Legas masu zuwa casu. Kuɗin masauki ninkawa yake. Mu mun kama ɗaki ta intanet tun Oktoba, muka iso da dare aka ce wai ba a ga sunanmu ba, alhali an ba wani ne da ya fi mu biya. Da yara a hannu muka yi ta yawo har ƙarfe ɗaya. Ka kira su da baki, ka sa su turo maka shaida a rubuce, in da hali ka samu ɗan gari ya je ya gani da idonsa.

Direban_Aflao:
Alhaji ta sama za ka ko ta ƙasa? In ta ƙasa ne ni hanyata ce, shekara 12 ina bin ta. Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflao, Accra. A taswira kilomita ɗari huɗu da wani abu ne, amma iyaka uku za ka ƙetare, kowace da nata hali. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, amma fasfo na kowa da kowa har autan, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa. Wanda ba shi da katin nan shi ake tatsa. Na taɓa ɗaukar wani bawan Allah da iyalinsa, a wata iyaka aka riƙe mu awa uku saboda katin yaro ɗaya. Da yara ƙanana ni dai in kana da hali ka hau jirgi, awa ɗaya ne daga Legas. Ina faɗa ne ko da yake cinikina nake kashewa.

Bagobiri77:
Ka ɗauki jakar Ghana-mos-go ka kai musu tsaraba, hhhh.

Hajiya_Kumasi:
Bagobiri wannan wasan kada ya yi shi a can. Mu da muka ga abin ba ma dariyarsa. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, 'yan Ghana kusan miliyan suka kwaso kaya a irin jakar nan. Amma kafin nan, a 1969, gwamnatin Busia ta Ghana ce ta fara ba baƙi mako biyu su bar ƙasa. Ina yarinya lokacin a zangon Kumasi. Maƙwabtanmu da aka haifi iyayensu a nan suka sayar da gida a wulaƙance suka hau babbar mota zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Kowa ya ɗanɗana, shi ya sa manya ba sa son tayar da zancen.

Bagobiri77:
Tuba nake Hajiya. Ban san na 1969 ba wallahi.

Malam_Tarihi:
Tunda Hajiya ta kawo zango, akwai wani abin da ya sake haɗa mu da gine-ginen nan, kuma Kwamared zai so ya ji. Ba fatake kaɗai suka kafa zangunan kudu ba, har da soja. Wani hafsan Ingilishi, Glover, ya tara rundunar Hausawa a Legas a shekarun 1860, yawancinsu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu. An kawo su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, da yawa ba su koma ba, daga irinsu aka gina rundunar 'yan sandan Gold Coast, wato Ghana ta lokacin Turawa. Bayan faɗuwar Kumasi a 1874 hanyar goro ta rikice, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙarasa watsa garin, malamai da 'yan kasuwa suka bazu Kete-Krachi, Kintampo, Kumasi, Accra. Shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, daga Salaga ya koma Kete-Krachi, a can ya rasu a 1934.

A Elmina kuma za a nuna maka ɗakin da aka tsare sarkin Asante Prempeh na ɗaya bayan kama shi a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga can tsibirin Seychelles. Bai dawo ba sai 1924. Duk wanda ya san yadda Turawa suka yi da sarakunanmu bayan 1903, wanda aka kai Lokoja da wanda aka kai wani wuri, zai gane ɗakin nan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kwamared_Sani:
Malam kana so dole sai ka kai ni Elmina. To in na je Ghana Salaga zan nufa, in ga rijiyoyin da ake faɗa, tunda can ne sawun kakannina yake.

Sarkin_Yawo:
Na je Salaga, Kwamared. Ka shirya ranka, ba gini kamar na bakin teku. Rijiyoyi ne birjik a cikin ciyawa, da filin da aka ce nan ce kasuwar, yanzu tashar mota ce a kusa. Wani dattijo ya zagaya da ni, da Hausa muka yi magana tun daga farko har ƙarshe. Ni abin ya fi taɓa ni fiye da Cape Coast, amma yaro ba zai ga komai ba sai an ba shi labari.

Maman_Sultan:
Ina so in koma kan maganar yara, don na ga Abban Ikram ya sa Cape Coast a lissafi. Ka zaɓi ɗaya ka shiga da su ciki sosai, ɗayan ku tsaya a waje ku ɗauki hoto. Biyu a rana ɗaya ya yi wa zuciya yawa, ko babba. Kuma ka ja wa babbar kunne a kan hoto. Ranar da muka je wasu 'yan mata suna tsaye a bakin ƙofar nan suna murguɗa baki suna ɗaukar kansu a waya, wani dattijo ya daka musu tsawa, kunya ta kama kowa. Farfajiya da saman bango inda igwa suke a ɗauka, ba laifi. Kurkuku a yi shiru.

Yar_Damagaram:
Ni kuma ban goyi bayan a raba ba. Kowanne da abin da yake nunawa. Cape Coast akwai ɗakin tarihi a sama mai bayani da hotuna, mai shekara 14 za ta ƙaru sosai, nan ne ma Obama ya kai 'ya'yansa a 2009, kuma a lokacin ƙaramar ba ta wuce shekara 8 ba. Elmina kuma garin kansa abin kallo ne, gadar da ke kan mashigin ruwa da ɗaruruwan kwale-kwale da tutoci, mata na ƙyafe kifi. A yi ɗaya yau ɗaya gobe, Kakum a tsakiya.

Dan_Nima:
In kana son ganin kwale-kwale duka a gida, Talata za ka je, ranar masunta ba sa shiga teku, al'adarsu ce. In kuma hayaniyar saukar kifi kake so to kowace safiya ban da Talata. Motar Cape Coast a Kaneshie ake hawa, amma ku biyar gara ku ɗauki shata. A hanya wajen Yamoransa za ka ga mata sun jera dokunun Fante a nannaɗe cikin ganyen ayaba, ka saya da soyayyen kifi da shito, yajinsu ne baƙi. Nama kuwa ka tambaya kafin ka ci, kudu ana sayar da alade a fili. Mai tsire dai kusan duk inda ka gan shi namu ne, ka yi masa sallama kawai. Teku kuma kada yara su shiga, igiyar ruwan wajen tana ja, ba wasa.

Ummu_Haidar:
Wannan ta teku a ja layi a ƙarƙashinta. Kuma Disamba hazo na sauka har bakin teku, hoto ba ya fita tas, amma zafi da sauƙi.

Abban_Ikram:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na samu fiye da abin da na nema. Na karanta wa uwargida duka jiya da dare. Ita ta ce za ta shiga Elmina saboda farfajiyar matan da 'Yar Damagaram ta faɗa, ni in riƙe auta a waje, washegari ni in shiga Cape Coast da manyan. Babbar kuma tun jiya take tambayata ko kakanninmu saye suka yi ko sayar da su aka yi, na ce ta bari in tambayi Malam. Kwamared, ganuwar Kano ma na yi alkawarin zagayawa da su kafin mu tafi, kada ka ce ban ji ba. Dan Nima zan neme ka ta akwatin sirri a kan masauki.

Malam_Tarihi:
Ka ce mata ta fara da tambayar kakarta sunan garin da kakan kakanta ya fito, da sana'arsa. In an ce mata fatake ne, ta dawo mu yi magana.

Kwamared_Sani:
In ka dawo ka faɗa mana nawa ka kashe, daga nan zan san ko Salaga za ni ko Gobarau.

Direban_Aflao:
Katin shawara dai Alhaji, ku yi shi tun yanzu, sai ya kwana goma kafin ya fara aiki. Har na autan.